Layar da Ke Ƙarƙashin Lamba Tara

Ƙurban, Madina
Muharram, 1404

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku a Kano. Yaya ciwon ƙafar nan taki? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Alhazai sun watse, gari ya koma hannun masu shi, zafi ma ya soma sassautawa.

Yaya, na aikata wani abu a makon nan, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa, domin ke na fara yi wa laifi a kansa. Kin tuna layar da kika aiko wa Lurwanu bara ta hannun Alhaji Maiwada, da kika ji ya gurɗe gwiwa a filin ƙwallo? Kin tuna amsa mai kaushi da na mayar miki, cewa ɗana ba zai rataya fata a jikinsa a garin Manzon Allah ba? Layar nan tun daga lokacin tana ƙasan akwatin ɗinkina. Ranar Talata na ciro ta, na ɗinke ta a cikin rigar ƙwallonsa, shi kuwa bai sani ba.

Zan faɗa miki yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba, sai don ki san irin ƙanwar da kike da ita.

Kwalejin su Lurwanu tana da ƙungiyar ƙwallo, kuma kowace shekara in karatu ya kankama akan yi gasa tsakanin kwalejojin wannan yanki. Bara sun kai wasan ƙarshe aka cinye su, shi yana zaune a gefe da ɗaurarriyar gwiwa. Bana ce shekararsa ta ƙarshe a karatu. An naɗa shi kaftin, wato shugaban 'yan wasa, an kuma kawo musu sabon mai horarwa, wani Bamisire da suke ce wa mudarrib. Ba a fara gasar ba, sai cikin Rabi'ul Awwal, amma a Ƙurban an riga an ɗauko kofin, har an sha shayi a cikinsa.

Ƙasimu, ƙanin marigayi maigidana, shi ne limamin wannan magana. Duk Juma'a in ya ci abinci a nan sai ya jera ƙwallayen dabino a kan tirena, wai ga masu tsaron baya, ga 'yan tsakiya, ga 'yan gaba. Ni nakan ja carbina don kada lagawu, wato maganar banza, ya shige ni, amma wani abin yakan kutsa kunnena ba da sona ba. Wai bayansu ne kaɗai ke ɗan yoyo, amma sun sami sabon mai tsaron raga wanda in ya miƙa hannu sai ya tsinko dabino bai hau ba. Wai ko an zura musu biyu, Lurwanu zai rama uku kafin ladan ya gyara murya. Wai wani mutum zai taso daga wata babbar ƙungiya ta Jidda don ya kalli wasan farko, kuma ba don kowa zai zo ba sai don ɗana. Ya daina kirana Yaya Shafa'atu, sai uwar kaftin, har yana cewa in sayi sabuwar abaya saboda masu ɗaukar hoto. Na ce Allah ya shirye shi. Ya ce amin, amma a bari sai bayan gasa.

Da shi kaɗai ne da na haƙura. Ran Asabar a kan hanyar masallacin Ƙuba, tsohuwa Uwa mai sayar da gyaɗa ta riƙe mini mayafi tana cewa ƙafar ɗana zinariya ce. Mai burodin unguwarmu, Bayamale, ya ƙi miƙo mini burodi sai da ya gama kwatanta yadda Lurwanu ke juya ƙwallo. Samarinmu da ba su ko iya mayar da gaisuwa da Hausa ba sun rubuta sunansa da gawayi a bangon tsohuwar gona. Na gane abin da ke ransu: mutanenmu sun daɗe a garin nan ana ganinsu a bayan layi, yanzu ga namu a gaba. Amma Yaya, na kasa kunne da kyau, cikin duk masu wannan yabo ban ji wanda ya ce ma sha Allah ba. Ko ɗaya.

Kin san yadda Inna, Allah ya ji ƙanta, take tsoron baki, yadda take shafa mana baƙin tukunya a goshi in baƙi sun cika yabonmu. Na ɗauka na wanke wannan daga zuciyata. Shekara nawa ina zama a darasin mata a Harami, ina kuma koya wa 'yan mata karatu a gida? Ni ce na yanke layu daga wuyan jariran unguwar nan da almakashina, uwayensu suna hawaye ina karanta musu hadisi. Ina yi wa Lurwanu addu'ar tsari safe da yamma kamar yadda aka koya mana, kuma na san ta isa. Na sani da kaina, amma cikina bai sani ba.

Sai ga sababbin rigunan wasa sun iso, kore shar, lambobinsu farare a yanke daban. Da yake mudarrib ya ji ni mai ɗinki ce, sai ya ba Lurwanu ƙunshin ya kawo mini in manna musu. Tun yana sakandare lambarsa tara. Ita nake wankewa, ita nake shanyawa. Da na zo kanta da hantsi, gida ba kowa, sai na ga zagayen kan taran nan daidai yake da faɗin layar. Ban yi dogon tunani ba. Na sa ta a ƙarƙashi, na bi da keke, na sake bi da allura. In ba ka danna da yatsa ba, ba za ka san da wani abu ba.

Tun ranar nake tambayar kaina: da na ɗinke ta, ga wa na dogara? Na ce wa kaina ai sunayen Allah ne a ciki. To in haka ne, na sa sunayen Allah a bayan mai gumi, mai faɗuwa cikin ƙura. Duk ta inda na juya abin, ba ya yi mini kyau. Da na so farke ɗinkin, rigunan sun riga sun koma kwaleji.

Kada ki rubuto ki ce kin ji daɗi na dawo hanya. Ki nema mini gafara kawai. Ki gai da Malam, ki shafa mini kan su Lauratu.

Ƙanwarki,
Shafa'atu

Ƙurban, Madina
Safar, 1404

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya, kuma ƙafar ta yi sauƙi. Jikinmu lafiya. Ban jira amsarki ba, domin abin da ya faru ya fi ƙarfin jira.

Ashe lamba a wasan nan ba ta mutum ba ce, ta wurin tsayuwarsa ce a fili. Tara ta wanda ke can gaba ce, mai zura ƙwallo. Bamisiren nan tun zuwansa ya jawo Lurwanu baya kaɗan, ya ba shi goma don ya riƙa raba wa 'yan'uwansa ƙwallo, ya ɗauki tara ya ba wani sabon ɗalibi, Abdulrauf, ɗan wani gidan Larabawa a unguwar Anbariyya. Lurwanu bai ji daɗin haka ba, har ya yi musu da mudarrib a gaban kowa kafin ya haƙura. Duk Ƙurban ta san wannan. An ce Ƙasimu ya faɗa a falona, har ya ja ƙwallon dabinon baya da yatsa a kan tirena. Ni ina nan zaune ina jan carbi, ina jin na fi su. Da sau ɗaya na taɓa tambayar ɗana yaya wasa, da na sani.

Ranar Laraba suka yi wasan gwaji a tsakaninsu, suka sa sababbin rigunan a karon farko. Abdulrauf ya yi tsalle, ya dira ba daidai ba, ƙafarsa ta karye a sama da idon sawu. Ba wanda ya taɓa shi. Yana kwance rub da ciki sai aka ga ja ya ɓullo a tsakiyar farar lambar da ke bayansa. Suka ɗauka jini ne, wani malami ya kawo almakashi ya tsaga rigar. Ba jini ba ne, Yaya. Jar fatar Kano ta jikin layar ce gumi ya jiƙa, rininta ya zuba. Ni da na yi shekaru ina gargaɗin mata kada su haɗa jan yadi da fari a wanki, wannan bai zo mini a rai ba.

A nan filin suka farke ta. Ni na ɗauka Ayatul Kursiyyu ce a ciki, ban taɓa buɗewa ba. Suka sami hatimi, gidaje-gidaje da haruffa da lambobi. Ku a can wannan ba komai ba ne, kowane malamin zaure yana yi. A nan ba shi da suna sai sihiri. Ga yaro kwance da karyayyar ƙafa, ga abin a bayansa, ga kuma wanda aka karɓe wa lamba a tsaye, shi ne ya kai rigunan gidansu ya komo da su.

Aka kira Lurwanu gaban shugaban kwaleji, aka tambaye shi wa ya yi ɗinkin. Ya ce mahaifiyarsa ce ta manna lambobin ta gama, shi ne daga baya ya farke ya cusa abin ya mayar. Aka ce don me a rigar Abdulrauf, alhali shi ne kaftin, ya fi kowa sanin mai kowace lamba? Ya dai maimaita cewa shi ne. Kin ga inda abin ya lalace: a bakina wannan kuskuren uwa ne da ta so ta tsare ɗanta ta ɓata riga, a bakinsa kuwa ba shi da fassara sai mugunta. Shugaban ya yi masa sassauci, ya bar shi ya ƙarasa karatunsa bayan ya bayyana tuba a gaban malamin tauhidi, aka ƙone layar. Amma an karɓe kaftin, an cire shi daga ƙungiya.

Bayan la'asar ya shigo, ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki bai cire takalmi ba. Ya ba ni labarin duka da Larabci, kamar yadda ya saba, muryarsa ba ta tashi ba. Bai tambaye ni ko ni ce ba. Na miƙe ina laluben abayata, na ce yanzu zan je in faɗa musu. Sai ya tare ƙofa, ya yi mini magana da Hausa, abin da rabona da ji a bakinsa tun rasuwar mahaifinsa. Hausar tana tuntuɓe, amma na ji kowace kalma.

"Umma, ki rantse ba za ki faɗa wa kowa a garin nan ba. Ni namiji ne, an kore ni daga ƙwallo, shi ke nan. Ke in an ce miki mai sihiri, ina za ki zauna? Wa zai kawo miki 'yarsa karatu? Wane sahu za ki shiga a Harami?"

Na ce ba zan bar shi ya ɗauki kayana ba. Ya ce ya riga ya ɗauka, in na je yanzu na mai da shi maƙaryaci a kan abin da ake tuhumarsa. Ya sake cewa in rantse. Na rantse da Allah.

Da sauri na rantse, Yaya. Musu ɗaya na yi, na biyu ban yi ba. Kuma da kalmar ta fita daga bakina na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, irin na wanda aka sauke wa kaya. Wannan sanyin ne ya hana ni sakat tun daga ranar, fiye da layar kanta.

Ke ba a garin nan kike ba, kuma kin riga kin sani kafin rantsuwar, don haka ina ganin rubuta miki bai karya ta ba. Ko wannan ma dabara ce irin tawa, Allah ne masani. Ki gai da kowa, amma kada ki karanta wa Malam wannan.

Ƙanwarki,
Shafa'atu

Ƙurban, Madina
Farkon Rabi'ul Awwal, 1404

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na yi murna da jin ƙafa ta lafa, kuma Lauratu ta sauke Alƙur'ani. Allah ya sa albarka, ya ba da ikon aiki da shi. Mu nan muna nan yadda kika sani.

Kin ce malamin da ya rubuta layar mutumin kirki ne, hatimin kuwa na tsari ne, ba ya karya ƙafar kowa. Ban ce yana karyawa ba. Ƙaddara ce ta karya ƙafar yaron nan, na yi imani da haka. Sunan ɗana kuwa allurata ce ta karya shi. Kin kuma ce in turo miki shi Kano ya huta. Yaya, yaron da ko cinikin tumatir ba zai iya da Hausa ba, me zai yi a Kano? Nan aka haife shi, nan aka binne ubansa, ba shi da wani gari.

Bakunan da suka ɗaga shi su ne yanzu suke tauna shi. An goge sunansa daga bangon gona. Mai burodi yana miƙo mini burodi ba tare da ya ɗago kai ba. Lissafin gasa ma ya sauya: waɗanda suka sha shayi a kofi yanzu cewa suke, ƙungiyar da ba tara ba goma, in ta tsallake wasan farko ma a yi sadaka. Ƙasimu ya daina zuwa cin abincin Juma'a. An gaya mini ya tare Lurwanu a ƙofar masallaci ya ce masa ya ja mana, yanzu duk inda aka ga baƙin mutum da ƙwallo sai an laluba bayan rigarsa. Ni kuwa da muka haɗu a hanya, har ƙasa ya gaishe ni, ya ce in yi haƙuri, Allah yakan jarrabi salihai da 'ya'yansu. Na ce amin.

Lurwanu yana zuwa kwaleji yana dawowa. Yana cin abin da na dafa, yana gaishe ni safe da yamma, ya ma fi da ladabi. Ladabin nan ya fi mini zagi ciwo. Lokacin da ya saba fita horo, sai ya zauna a tsakar gida yana kallon bango har a kira magariba.

A darasin mata na tambayi malama, kamar maganar wata ce, game da wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri. Ba ta ko yi jinkiri ba. Ta ce ya aikata wanda ya fi alheri, ya yi kaffarar rantsuwarsa. Na san amsar kafin in tambaya, ni kaina na sha ba wasu ita. Na dai so in ji ko akwai wata ƙofa da ban sani ba. Babu.

Ga kuma abin da ya ƙara matse ni. Wani abokin wasansu ya zo ya shaida wa Lurwanu cewa mudarrib yana son ya dawo, shugaban ma ba zai ƙi ba, in dai gidan su Abdulrauf sun janye kukansu kafin wasan farko. Mahaifiyar yaron, Ummu Abdulrauf, ba baƙuwata ba ce. Ni na koya wa 'ya'yanta mata karatu, kuma sahu ɗaya muke zama a darasi. In na zauna a gabanta na ce ni ce, na bayyana mata yadda tara ta ruɗe ni, uwa ce, za ta gane. Za ta raina ni, za ta faɗa wa wasu, amma za ta gane.

Na yanke shawara. Ran Alhamis zan je Anbariyya. Na auna shinkafar kaffara na ajiye. Ki taya ni da addu'a Allah ya ba harshena ƙarfi.

Ƙanwarki,
Shafa'atu

Ƙurban, Madina
Ƙarshen Rabi'ul Awwal, 1404

Zuwa ga Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki, ina gai da Malam da yara, da fatan sanyin bana bai tayar miki da ciwon ba. Lafiyarmu ƙalau. Na jinkirta wannan takarda ne don ban san yadda zan fara ta ba.

Na je Anbariyya kamar yadda na ce. Duk hanya ina maimaita maganar a raina, na tsara ta da Larabci tiryan-tiryan, har inda zan tsaya in ja numfashi. Na yi zaton zan iske Ummu Abdulrauf ita kaɗai, ko kuwa ta ƙi buɗe mini ƙofa. Ko wanne aka yi da ya fi mini sauƙi.

Ita da kanta ta buɗe. Tana ganina ta rungume ni ta fashe da kuka. Ɗakin cike yake da mata masu dubiya, waɗansu na san su daga darasi. Ta ja hannuna ta zaunar da ni a wurin da ya fi kowanne daraja, kafin in buɗe baki ta ce ta san kunya ce ta hana ni zuwa tun farko, kuma kada in ƙara jin kunyar, ni ba ruwana. Ta juya ga matan ta ce wannan ita ce Ustaza Shafa'atu da take ba su labari, wadda ta raba unguwa guda da layu da hannunta, a dubi irin jarrabawar da Allah ya ɗora mata a cikin gidanta. Matan suka yi ta girgiza kai suna yi mini addu'a. Wata tsohuwa ta sumbaci goshina. Aka zuba mini gahawa, aka tura mini dabino.

Na ce a raina bari baƙin su ragu. Na sha gahawa. Suka ragu. Na ce bari ta gama maganar da take yi. Ta gama. Sai ta ce tana da roƙo ɗaya: in shiga in yi wa Abdulrauf tofi a ƙafar, domin ta fi natsuwa da bakina a kan na kowa.

Yana kwance an ɗaure ƙafar da farin filasta har gwiwa. Yaro ne mai kunya, ya yi ta ƙoƙarin tashi zaune don ya gaishe ni. Ya ce tun yana sakandare yake zuwa kallon Lurwanu, kuma da aka ba shi tara sai da ya je ya ba shi haƙuri, Lurwanu ya dafa kafaɗarsa ya ce ba komai, har yakan tsaya bayan horo yana nuna masa yadda ake karɓar ƙwallo da ƙirji. Sai ya dube ni, ya kira ni yadda suke kiran 'yar'uwar uwa, ya ce:

"Khala, ke kin san shi. Me na yi masa?"

Uwarsa tana tsaye a bakin ƙofa. Ba kowa sai mu uku. Ba zan taɓa samun wuri da ya fi wannan ba, kuma na san haka a lokacin, ba daga baya ba.

Na ce, "Ba ka yi masa komai ba, ɗana."

Na ɗora hannuna a kan filastar, na karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi, na tofa. Muryata ba ta yi rawa ba. A bakin ƙofa na roƙi Ummu Abdulrauf su yafe wa Lurwanu ya koma wasa. Ta ce don darajata sun yafe masa tsakaninsu da Allah, amma maigidanta ya ce ba zai yarda mai irin wannan zuciya ya sake tsayawa fili ɗaya da 'ya'yan mutane ba, kuma ta san ni da kaina ba zan so haka ba. Na yi mata sallama.

Da na iso gida Lurwanu yana tsakar gida. Ya ga abayar fita a jikina, ya tambayi inda na je, na faɗa masa. Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Kin faɗa?" Na ce a'a. Ya ce madalla. Amma ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa, sannan ya koma ya zauna a hankali kamar tsoho. Yaya, na ga fuskarsa a tsakanin tambayar da amsar. Shi ya sa ni rantsuwar, da gaske kuma yake, amma akwai wani wuri a cikinsa da ya zaci uwarsa za ta karya ta dominsa.

An yi wasan farko ran Litinin da ta wuce. An cinye su. Mutumin Jidda ya zo, an ce ya yi magana da dogon mai tsaron ragar nan, ya koma. Yanzu a Ƙurban ana cewa sai baɗi, an ma fara lissafin waɗanda za su shigo. Baɗi Lurwanu ya gama, za a tura shi koyarwa duk ƙauyen da aka ga dama. A lokacin da ake wasan yana gida, ya kwance kan kekena yana sa masa mai, domin ya ji yana ƙara.

Ɗalibaina mata sun ƙaru a watan nan. Ummu Abdulrauf ta turo mini 'ya'yan maƙwabtanta.

Ki gai da Malam da Lauratu da sauran yara. Kada ki aiko da komai ta hannun kowa, kuma kada ki rubuto kina ba ni uzuri, na fi ki iya nemo wa kaina shi. Na san za ki so ki ji a fili, to ga shi. Rantsuwar da na yi wa Lurwanu ban karya ta ba. Ban faɗa wa kowa a garin nan ba, kuma yanzu na san ba zan faɗa ba. Na cika ta, Yaya, kuma ba tsoron Allah ne ya sa na cika ta ba.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Shafa'atu